Lambar Tony da Baƙaƙen Amurka: Wa Ke Riƙe da Makullin Broadway?

Ranar 8 ga Yunin 2025, a zauren Radio City da ke birnin Niyok, aka kira Branden Jacobs-Jenkins ya hau ya karɓi lambar Tony ta gwarzon wasan kwaikwayo na shekara, da wasansa mai suna Purpose. Zaure ya kaure da tafi, kuma wasan ya ci tafin, don wata guda kafin nan ya riga ya ɗauki lambar Pulitzer. Amma da gari ya waye, lissafi ne ya fi cika bakin jaridu. Rabon da marubuci baƙar fata ya taɓa wannan lamba tun 1987, shekarar da August Wilson ya ci da Fences. Shekara 38 ke nan cur. Ranar da Wilson ya karɓi tasa, Jacobs-Jenkins bai cika shekara uku a duniya ba.

Kafin Wilson kuwa mutum ɗaya ne tal, Joseph A. Walker, wanda ya ci a 1974 da The River Niger, labarin wani magidanci mai sana'ar fenti a unguwar Harlem da ke ta fama da rubuta waƙa a kan kogin nan namu na Kwara. Wato tun 1948 da aka fara ba da wannan lamba har zuwa bikin 2025, marubuta baƙaƙen fata uku ne suka ɗauke ta, kuma ukun duk maza.

Ga wanda bai saba da harkar ba, matsayin Tony a wasan daɓe na Amurka shi ne matsayin Oscar a fim. An fara ta a 1947, aka raɗa mata sunan Antoinette Perry, 'yar wasa kuma darakta da ta rasu shekara guda kafin nan. Tana da maiƙo ƙwarai. Wasan da ya ci Tony tikitinsa na ƙara gudu, a ɗauke shi a zaga jihohi da shi, makarantu da ƙananan gidajen wasa su biya kuɗin izini su sake yin sa, marubucin kuma ya samu masu ɗaga wayarsa idan ya kira da sabon aiki. Wanda bai samu ko da ambato ba, sau da yawa makonni kaɗan ake kashe masa fitila.

Wanda ya tsaya ga hotunan bikin zai rantse babu wata matsala. Tun 1950 Juanita Hall ta buɗe hanya da South Pacific, ko da yake rawar da ta taka ta wata 'yar Asiya ce mai talla a tsibirin tekun Pasifik. Harry Belafonte ya biyo a 1954, Diahann Carroll a 1962, James Earl Jones a 1969. Audra McDonald ita kaɗai tana da Tony shida, babu ɗan wasan da ya tara haka a gasa, fari ko baƙi, kuma ta ci a dukkan rukunoni huɗu da mace ke iya shiga. A 2016, shekarar da aka yi wa Oscar ca saboda ba ta zaɓi ɗan wasa baƙi ko ɗaya ba, Tony ta miƙa dukkan lambobi huɗu na 'yan wasan waƙa da rawa ga baƙaƙen fata: Leslie Odom Jr. da Daveed Diggs da Renée Elise Goldsberry na Hamilton, sai Cynthia Erivo, 'yar Landan mai iyaye 'yan Najeriya, ta The Color Purple. Mutanen Broadway sun yi ta bugun ƙirji da wannan dare. Kara Young kuma ta ci a 2024 ta maimaita a 2025, ta zama baƙar fata ta farko da ta jera biyu a jere.

Duk wannan gaskiya ne, kuma babu wanda aka yi wa alfarma a cikinsu. Sai dai a duba irin aikin da ake yabawa. Murya ce, da rawa, da iya kuka da dariya a gaban jama'a. Makaɗi a gidan biki yana shan liƙi har ya rasa inda zai zuba, amma ba a kiransa ɗaki lokacin da ake yanke sadaki. Matsayin da Broadway ta daɗe tana ajiye baƙar fata ke nan. Da an bar daɓe aka shiga inda ake rubuta labari, ake ba da umarni, ake zuba jari, ake yanke wane wasa zai hau wane zai jira, sai fuskokin su fara canja launi. Ko a kan daɓen ma, inda babu waƙa tafiyar ta yi nawa: sai a 2004 mace baƙa ta fara cin lambar babbar jaruma a wasan magana zalla, wato Phylicia Rashad, shekara 57 bayan kafa gasar.

Da yawa idan an zo nan sai su ɗora laifin a kan masu kaɗa ƙuri'a. Suna da nasu kason. Amma ƙuri'a ita ce matakin ƙarshe, kuma kafin a kai gare ta an riga an gama tankaɗe da rairaya.

Dokar Tony a fili take. Wasa ba ya shiga gasa sai an yi shi a ɗaya daga cikin gidajen wasa 41 da ake kira Broadway, kowannensu mai kujera 500 ko fiye, kusan dukkansu a 'yan layukan da ke kewaye da dandalin Times Square. Abin da ake yi a ƙananan gidajen Niyok, ko a Shikago, ko a Atlanta, komai kyansa ba ya cikin lissafi. Waɗannan gidaje 41 kuma suna da masu su. Kamfanin Shubert na da 17, Nederlander na da 9, Jujamcyn na da 5 kafin ya haɗe da kamfanin ATG na Birtaniya a 2023. Gida 31 ke nan a hannu uku, kuma babu na baƙar fata a cikin ukun. Su ke cewa wannan wasa ya samu gida a bana, wancan ya dawo baɗi. Kafin a kai gare su ma sai furodusa ya tara jari. Wasan magana zalla na cin miliyoyin daloli tun ba a ɗaga labule ba, na waƙa da rawa kan kai dala miliyan 15 zuwa 20, wani ya wuce, kuma akasarin wasannin ba sa mayar da uwar kuɗi. Mai zuba irin wannan kuɗi yana zuba shi ne a labarin da ya yi kama da wanda ya saba, daga hannun mutumin da ya sani. Sai bayan duk wannan ne masu ƙuri'a sama da 800, waɗanda da dama daga cikinsu furodusoshi ne da masu gidajen wasa na wasu garuruwa, za su zaɓa daga abin da ya tsallake.

Labarin Alice Childress ya isa misali. A watan Nuwamban 1955 aka fara nuna wasanta Trouble in Mind a wani ƙaramin gida a unguwar Greenwich Village. Wasa ne a kan masu wasa. Wiletta Mayer, 'yar wasa baƙa da ta tsufa tana fitowa a 'yar aiki da mai raino, ta samu babbar rawa a wani sabon wasan Broadway da farar fata ya rubuta, wani farin ke ba da umarni, wai don yaƙi da kisan gillar da gungun farare ke yi wa baƙaƙe a Kudu. Tun a fitowar farko ana ganin ta tana koya wa wani saurayi sabon shiga dabarun zaman lafiya: idan darakta ya yi barkwanci ka yi dariya ko ba daɗi, kada ka nuna ka yi karatun wasa, ba sa son haka. Tafiya ta yi tafiya, aka zo gurbin da rubutun ya ce uwa ta tura ɗanta ya miƙa kansa, alhali masu neman ransa na kan hanya. Nan Wiletta ta tubure. Ta ce babu uwar da za ta yi haka, ta tambayi daraktan ko shi zai tura nasa ɗan. Amsar da ta suɓuce masa ita ce ta tona abin da ke cikinsa.

Wasan ya samu karɓuwa, furodusoshi suka saye shi don kai shi Broadway a 1957. Sharaɗinsu shi ne a sassauta, a canja suna, a ƙare da sulhu yadda 'yan kallo za su koma gida da sanyin zuciya. Childress ta yi ta gyara har kusan shekara biyu, daga ƙarshe ta ga abin da ya rage ba nata ba ne, ta ce a bar shi. Abin da ta rubuta cewa ana yi wa Wiletta shi aka yi mata, ba ragi ba ƙari. Da an yi wasan a lokacin, da ita ce mace baƙa ta farko da rubutunta ya hau Broadway. Ta rasu a 1994. Trouble in Mind bai taka Broadway ba sai Nuwamban 2021, shekara 66 bayan fitowarsa. Aka zaɓe shi a rukuni huɗu na Tony, bai ci ko ɗaya ba. A duk kundin gasar na shekarun 1950 babu inda za a ga an zalunci Childress, domin sunanta bai ma kai teburin ba.

Wadda ta samu shiga ita ce Lorraine Hansberry. Ranar 11 ga Maris, 1959 aka buɗe A Raisin in the Sun, labarin wani iyali a Shikago da ke jiran cekin inshorar dala 10,000 na mahaifinsu da ya rasu, da rigimar da ta biyo baya da uwar ta sayi gida a unguwar farare. Har da ɗalibi ɗan Najeriya a ciki, Joseph Asagai, mai neman 'yar gidan. Furodusan ya shafe fiye da shekara yana bin masu kuɗi kafin jarin ya haɗu. Wasan ya yi fitowa 530, ƙungiyar masu sharhin wasa ta Niyok ta ba shi gwarzon shekara, Lloyd Richards ya zama baƙi na farko da ya ba da umarnin irin wannan wasa a Broadway. A Tony ta 1960 an zaɓe shi a rukuni huɗu, ya tashi a tutar babu. Hansberry ta rasu a 1965 tana da shekara 34. Yau da wuya a samu makarantar sakandare a Amurka da ba ta san wasan ba.

Tony ta waiwayi Raisin daga baya, kuma yadda ta waiwaye shi ya zama ɗabi'a. Akwai rukunin da ake kira na tsohon wasan da aka farfaɗo da shi, kuma duk mai son ganin manyan marubuta baƙaƙe a kundin Tony, can zai tarar da su a jere. Raisin ya ci a wannan rukuni a 2014, kusan shekara 50 bayan an binne mai shi. Topdog/Underdog na Suzan-Lori Parks, wanda ya sa ta zama mace baƙa ta farko da ta ci Pulitzer ta wasan kwaikwayo a 2002, ya faɗi a Tony ta wannan shekarar, sai a 2023 aka ba shi a matsayin tsohon wasa. Jitney na August Wilson, labarin 'yan kabu-kabu a unguwar baƙaƙe ta Pittsburgh inda tasi mai lasisi ba ta shiga, an fara yin sa a 1982, bai hau Broadway ba sai 2017, shekara 12 bayan rasuwar Wilson. A Soldier's Play na Charles Fuller ya ci Pulitzer a 1982, da Denzel Washington da Samuel L. Jackson suna samari a cikin 'yan wasansa, amma sai a Janairun 2020 ya samu gida a Broadway. Fuller ya ga lambar a 2021, ya rasu a 2022.

Abin dariya a nan, in ana dariya da irin wannan, shi ne Jitney da A Soldier's Play an ba su lambar farfaɗowa a wurin da ba su taɓa hawa ba.

Ihu bayan hari ne. Wasa sai ya shekara talatin ko arba'in, makarantu sun koyar da shi, ya daina tsorata mai jari, an samu tauraron fim da zai ja tikiti, sannan ƙofa ta buɗe. Marubucin da ke buƙatar lambar don ya samu damar wasa na biyu da na uku, a lokacin ya tsufa ko ya mutu. Shi kansa Wilson, wanda ya rubuta wasa goma, ɗaya kan kowace shekara goma ta ƙarni na 20, sau tara ana zaɓar sa a rukunin sabon wasa, sau ɗaya ya ci.

Lynn Nottage ita ce mace ɗaya tilo da ta ci Pulitzer ta wasan kwaikwayo sau biyu. Na farko, Ruined, a 2009, ta rubuta shi bayan ta je Yuganda ta zauna da matan Kwango da yaƙi ya koro. An yi ta ƙara masa wa'adi a ƙaramin gidan da ya fito saboda cikar 'yan kallo, amma bai samu mai kai shi Broadway ba, don haka Tony ba ta san da zamansa ba. Sai a 2017, tana da shekara 52, ta fara hawa Broadway da Sweat. Adrienne Kennedy, wadda tun shekarun 1960 ake karanta ayyukanta a jami'o'i, ta hau a 2022 tana da shekara 91.

Akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa gasa gasa ce, dole wani ya faɗi, kuma manyan marubuta farare da yawa sun mutu ba su taɓa Tony ba. Haka ne. Ba kowace faɗuwa ce wariya ba. Da Slave Play na Jeremy O. Harris ya shiga bikin 2021 da zaɓe 12, adadin da babu wasan magana da ya taɓa samu a lokacin, ya fita hannu rabbana, an yi ta kumfar baki. Amma wasan ya raba kan baƙaƙen fata su kansu, wasu har takardar koke suka yi a rufe shi tun yana ƙaramin gida. Shuffle Along na George C. Wolfe ya samu zaɓe 10 a 2016 bai ci komai ba, sai dai Hamilton ya ci karo da shi, kuma kusan babu wanda ya sha a hannun Hamilton a wannan shekara. Fela!, wasan rayuwar Fela Kuti, ya samu zaɓe 11 a 2010 ya ci uku. Wanda ya kafa hujjarsa a kan dare ɗaya zai sha kaye a muhawara. Shekara 38 kuwa ta fi ƙarfin a kira ta rashin sa'a.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, wato ta kasuwa. Binciken da ƙungiyar masu gidaje da furodusoshi ta Broadway League ke yi ya sha nuna cewa mafi yawan 'yan kallo farare ne, baƙaƙe ba sa kai kashi 10 cikin 100, a birnin da baƙaƙe suka kai kusan ɗaya cikin biyar. Matsakaicin tikiti ya haura dala 120. Furodusa sai ya ce shi ɗan kasuwa ne, abin da masu saye ke so yake kawowa.

Tarihin Broadway ɗin ne ke ƙaryata shi. A 1975 The Wiz, wanda furodusansa Ken Harper baƙi ne, 'yan wasan duk baƙaƙe, ya sha suka a manyan jaridu har aka fara shirin rufe shi tun daren buɗewa. Aka zuba kuɗi a tallan talabijin, labari ya kai ga iyalan da ba a taɓa gayyata Broadway ba, suka yi dafifi. Wasan ya shekara huɗu, fitowa 1,672, ya ci Tony bakwai, ciki har da ta darakta ga Geoffrey Holder da ta tsara rawa ga George Faison. Fences ya tara dala miliyan 11 a shekara guda, abin da wasan magana bai taɓa yi ba kafinsa. The Color Purple na 2005, da sunan Oprah Winfrey a cikin masu shirya shi, motocin majami'u ne suka riƙa sauke masa 'yan kallo daga jihohi. Duk lokacin da aka je aka kira waɗannan mutane sun zo. Abin da ba a yi shi ne ci gaba da kiran su bayan wasan ya tashi, sai a jira wasu shekaru a sake mamakin ganin su.

August Wilson ya hango wannan tun 1996. A wani jawabi da ya yi a jami'ar Princeton gaban taron masu gidajen wasa, ya ce daga cikin manyan gidajen wasan yankuna 66 da ke cikin ƙungiya ɗaya, guda ɗaya ne kacal na baƙaƙe. Ya ce baiwa ba ta yi ƙaranci ba, kuɗi ne ba a bayarwa. Ya kuma soki al'adar ɗaukar baƙi a saka shi a rawar da aka rubuta don fari, yana ganin hanya ce ta nuna an yi adalci ba tare da an taɓa tushen abin ba. Jawabin ya tada ƙura, har aka shirya muhawara tsakaninsa da mai sharhi Robert Brustein a Janairun 1997. A kan batun rawa, Wilson ya ɗan zafafa. Tony ta farko da Audra McDonald ta ci a 1994 da Carousel irin wannan rawa ce, kuma babu mai hankalin da zai ce da an hana ta. A kan batun kuɗi kuwa lokaci ya gaskata shi da wuri. Wannan gida ɗaya da ya ambata, Crossroads da ke jihar New Jersey, an ba shi Tony ta musamman ta gidajen yankuna a 1999. A 2000 bashi ya rufe shi na wani lokaci, lambar tana ajiye a ciki.

Baƙaƙen ba su zauna jiran tsammani ba. Negro Ensemble Company, wadda aka kafa a 1967, ita ta raini The River Niger da A Soldier's Play. A 1973 Vivian Robinson ta kafa lambar AUDELCO a Harlem don karrama wasannin baƙaƙe da manyan gasa ba sa leƙawa, kuma har yau ana ba da ita. Waɗannan wurare ne ke noman abin da Broadway ke zuwa ta girba bayan shekaru, amma lambarsu ba ta sayar da tikiti a Times Square, kuma ba a nuna bikinsu a manyan tashoshin talabijin.

Kujerar darakta ta fi ko'ina nuna giɓin. Maza baƙaƙe da suka ci ana ƙirga su da yatsun hannu: Holder, Lloyd Richards a 1987, George C. Wolfe a 1993 da 1996, Kenny Leon a 2014. Mata kuwa, tun 1972 Vinnette Carroll ta ba da umarni a Broadway, aka zaɓe ta shekara mai bi. Bayanta an zaɓi Liesl Tommy a 2016, Camille A. Brown da Lileana Blain-Cruz a 2022, Whitney White a 2024. Har zuwa bikin 2025 babu mace baƙa da ta ci lambar darakta, ko a wasan magana ko a na waƙa. Purpose ɗin da ya ci gwarzon shekara Phylicia Rashad ce ta ba da umarninsa, kuma sunanta bai fito cikin daraktocin da aka zaɓa ba. A 2024 Dede Ayite, haifaffiyar Ghana, ta ci lambar tsara sutura da Jaja's African Hair Braiding, wasan Jocelyn Bioh a kan matan Afirka ta Yamma masu shagon kitso a Harlem. Ita ce mace baƙa ta farko a wannan rukuni. Gasa ta kusa shekara 80, har yanzu kusan kowane biki sai an ji an ce wane ne na farko, wance ce ta farko, kuma ana faɗar haka ne cikin murna.

Bayan kisan George Floyd a watan Mayun 2020, gidajen wasa na rufe saboda korona, ɗaruruwan masu sana'ar suka sa hannu a wata buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga fararen da ke juya harkar, suka zayyana abin da suka daɗe suna haɗiyewa. A Agustan 2021 ƙungiyar Black Theatre United ta samu masu gidaje da furodusoshi suka rattaba hannu a wata yarjejeniya, ciki har da alkawarin daina haɗa tawagar shirya wasa da farare zalla. Da aka buɗe ƙofofi, sai ga wasanni bakwai na marubuta baƙaƙe a kakar 2021 zuwa 2022, abin da ba a taɓa gani ba. Sai dai akasarinsu an jera su ne a watannin farko, lokacin da baƙi 'yan yawon buɗe ido ba su dawo ba, mutane na tsoron cunkoso, cutar kuma na sake kunno kai. Chicken & Biscuits da Thoughts of a Colored Man sun rufe kafin wa'adinsu. A Disamban 2022 Ain't No Mo' na Jordan E. Cooper ya buɗe ranar 1 ga wata ya rufe ranar 23, duk da taurari sun riƙa sayen kujerun dare sukutum don ceto shi. Bayan wata huɗu Tony ta zaɓe shi a rukuni shida, lokacin babu sauran inda za a je a kalle shi. Wanda ya ba mutum fili a mafi munin lokacin shekara, bai kamata ya dawo yana kafa hujja da cinikin da aka yi ba.

Ba a ce babu abin da ya motsa ba. A Strange Loop na Michael R. Jackson ya ci gwarzon wasan waƙa a 2022. LaChanze, wadda ta fito a Wiletta da Trouble in Mind ya hau Broadway, ta koma furodusa, ta ɗauki Tony biyu a dare ɗaya a 2023 a wannan matsayi. Irin wannan sauyi na LaChanze ya fi lambar jarumi goma amfani, domin ita yanzu tana ɗakin da ake yanke shawara. Abin da ya rage ga masu Tony ba ɓoyayye ba ne. Ko dai su buɗe gasar ga wasannin ƙananan gidaje, inda Ruined da ire-irensa ke fitowa, ko su daina tallata ta a matsayin ma'aunin wasan kwaikwayon Amurka, su kira ta abin da take, bikin shekara na gidaje 41. Gidauniyoyin da ke raba tallafi kuma su ba gidajen wasan baƙaƙe kuɗin da zai riƙe su shekaru, maimakon na wasa ɗaya a watan Fabrairu, watan tarihin baƙaƙe.

Alkawarin da aka fi saurin cikawa a yarjejeniyar 2021 shi ne na raɗa wa gidajen wasa sunayen baƙaƙe. Tun 2005 akwai gidan August Wilson, wanda aka raɗa makonni biyu bayan rasuwarsa. A 2022 aka mayar da gidan Cort ya zama James Earl Jones, gidan Brooks Atkinson ya zama Lena Horne, mace baƙa ta farko da ta samu haka. An yi biki, an ɗauki hotuna, Jones ya rayu ya ga nasa kafin rasuwarsa a 2024. Gida uku ke nan cikin 41. Na James Earl Jones mallakar Shubert ne, na Lena Horne na Nederlander, na August Wilson yana hannun ATG, kuma su ne za su faɗi wasan da zai hau a cikinsu baɗi.